Tsakanin Hukuncin Kotu da Ƙofar Aji

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Sai dai ba kowane waiwaye ne yake da daɗi ba, domin akwai tarihin da idan aka taɓo shi sai a tarar miki ne da bai gama warkewa ba. Irin wannan tarihi shi ya fi wuyar koyarwa, musamman ga 'yan makarantar sakandare, waɗanda suka wuce shekarun karɓar magana ba tare da tambaya ba, alhali kuwa ba su kai ga juriyar manya ba. A ƙasar Amurka, ɗaya daga cikin irin waɗannan darussa shi ne na shari'o'in da aka yi ta fafatawa a kotuna domin kawar da wariyar launin fata a makarantu. Wannan rubutu ya ƙunshi labarin wata malamar tarihi a wata makarantar sakandare ta birnin Detroit da ke jihar Mishigan, da yadda tambaya guda daga bakin ɗalibi ta tilasta mata barin hanyar da ta daɗe tana bi wajen koyar da wannan darasi.

Darasin da Aka Saba

Malamar ta shekara 12 tana koyar da tarihin Amurka a aji na kusa da ƙarshe. Duk shekara idan aka zo wannan babi, kwana biyu take ba shi. Takan rubuta shekaru biyu a allo, wato 1896 da 1954, sannan ta ja layi tsakaninsu.

A ƙarƙashin 1896 takan yi bayanin shari'ar Plessy. A shekarar 1892 ne wani mutum mai suna Homer Plessy ya shiga taragon jirgin ƙasa da aka keɓe wa fararen fata a jihar Louisiana, aka kama shi. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai 7 suka yanke cewa raba mutane bisa launin fata bai saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki ba, muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. Shi wannan gyara, wanda aka yi a 1868, shi ne ya wajabta wa kowace jiha ta ba kowa kariyar doka daidai wa daida. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, shi ne ya ƙi amincewa da hukuncin. A ƙarƙashin 1954 kuwa takan yi bayanin shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, inda a ranar 17 ga Mayu dukkan alƙalan Kotun Ƙoli su 9, bisa jagorancin Alƙalin Alƙalai Earl Warren, suka haɗu a kan cewa makarantun da aka raba bisa launin fata ba za su taɓa zama daidai ba. Daga nan sai ta ba da jinga, a wuce babi na gaba. Ɗalibai kan haddace shekarun biyu, su ci jarrabawa, kowa hankalinsa kwance.

Wata rana, tana gab da share allo, sai wani yaro ɗan shekara 16 da ke zama a kujerar baya ya ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ne, don haka ajin ya yi tsit.

"Malama, kin ce an hana wariya tun 1954," in ji shi. "To, don Allah ki dubi ajin nan."

Ta duba. Ɗalibai 31 ne a gabanta, babu farar fata ko ɗaya.

"Ko kotun ba ta san da mu ba ne?"

Wasu suka yi dariya. Ita kuwa ba ta yi ba. Kafin ta haɗa kalmomin da za ta faɗa aka kaɗa ƙararrawa, sai kawai ta ce masa, "Za mu dawo kan wannan magana." Ta fita tana sane da cewa ƙararrawa ce ta cece ta.

A daren nan ba ta samu barcin kirki ba. Ita ma baƙar fata ce, a wannan birni aka haife ta, kuma ajin da ta zauna tana yarinya bai bambanta da wanda take koyarwa ba. Duk abin da ta faɗa wa ɗalibanta gaskiya ne, amma abin da ta tsallake ya sa gaskiyar ta yi kama da ƙarya a idonsu. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, ɗalibin da ya ga littafi yana faɗin wani abu, idonsa kuma yana nuna masa wani abu daban, ba wannan babin kaɗai zai daina yarda da shi ba. Zai daina yarda da littafin baki ɗaya, har da mai koyar da shi.

Yara Ne Masu Ƙara

Kashegari ta nemi shugaban sashe ya ƙara mata lokaci. Ya tuna mata cewa manhaja tana da tsawo, jarrabawa kuma ba ta jiran kowa. Bayan an kai ruwa rana, ya amince mata da kwana 8.

A rana ta farko ba ta rubuta shekarar hukunci ko ɗaya ba. Lambobi biyar ta jera a allo: 5, 9, 16, 15, 6. Ta ce su cinka mene ne. Aka yi ta cinke ba a dace ba. Daga bisani ta ce, "Waɗannan shekarun haihuwar wasu yara ne a lokacin da suka tsaya a tsakiyar wannan rigima. Ɗaya daga cikinsu sa'arku ce."

Mai shekara 5 ita ce Sarah Roberts ta birnin Boston, wadda kullum sai ta wuce makarantun fararen fata kafin ta isa wadda aka keɓe wa baƙaƙe. Mahaifinta ya kai ƙara, babbar kotun jihar ta kori ƙarar a 1850, amma a 1855 majalisar jihar ta haramta raba makarantu. Mai shekara 9 ita ce Martha Lum, 'yar wani ɗan kasuwa ɗan asalin ƙasar Sin a garin Rosedale na jihar Misisipi. A 1924 aka sallame ta daga makarantar fararen fata tun a ranar farko, kuma a 1927 Kotun Ƙoli ta goyi bayan jihar. Malamar ta ƙara da shari'ar Mendez ta jihar Kalifoniya, inda iyaye 'yan asalin Meziko suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 1947. A wannan shekara ce gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta soke wariya a makarantunta. Gwamnan kuwa shi ne Earl Warren, wanda shekara 7 bayan haka ya karanta hukuncin Brown. Da wannan ɗalibai suka fara fahimtar cewa rigimar ta girmi 1954 da fiye da shekara 100, kuma ba baƙaƙen fata kaɗai ta shafa ba.

Mai shekara 16 ita ce ta fi kama hankalinsu. Sunanta Barbara Johns, ɗaliba a makarantar sakandare ta Moton a garin Farmville, gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya. An gina makarantar ne domin ɗalibai 180, amma aka cusa fiye da 450. Maimakon a faɗaɗa ginin, sai aka kakkafa rumfunan katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, waɗanda ke yoyo da damina, ga sanyi da hunturu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ranar 23 ga Afrilu, 1951, Barbara da wasu 'yan uwanta ɗalibai suka yi dabarar fitar da shugaban makarantar daga harabar, suka tara ɗalibai a zauren taro, ta hau dandamali ta kira su zuwa yajin karatu. Suka bi ta. Sannan suka tuntuɓi lauyoyin ƙungiyar NAACP mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Lauyoyin, Oliver Hill da Spottswood Robinson, suka amince su karɓi shari'ar bisa sharaɗi guda: ba sabon gini za a nema ba, rushe wariyar ce gaba ɗaya. Saboda barazanar da ta biyo baya, iyayen Barbara suka tura ta wurin kawunta a jihar Alabama domin ta ƙarasa karatu a can.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malama, da gaske shekararta 16?" Da aka tabbatar mata, sai ta juya ta dubi ƙawarta ba ta ce komai ba.

A nan ne malamar ta bayyana musu abin da ba ta taɓa samun lokacin faɗa ba, wato abin da ake kira shari'ar Brown a haƙiƙa shari'o'i biyar ne: daga Kansas, da Karolina ta Kudu, da Bajiniya, da Delaware, da kuma birnin Washinton. Ta Karolina ta Kudu ta samo asali ne daga roƙon motar makaranta a gundumar Clarendon, inda aka tanadar wa 'ya'yan fararen fata motoci, na baƙaƙe kuwa sai tafiyar ƙasa mai nisa. Harry Briggs, wanda sunansa ya zo farko a takardar ƙarar, an kore shi daga aikinsa a gidan mai, matarsa ma ta rasa nata aikin. Limamin cocin da ya haɗa kan iyayen, Joseph DeLaine, an ƙone cocinsa, ala tilas ya bar jihar. A Topeka ta jihar Kansas kuwa iyaye 13 ne suka kai ƙara a madadin 'ya'yansu 20. Oliver Brown, mai aikin walda a kamfanin jirgin ƙasa, yana cikinsu. 'Yarsa Linda sai ta ratsa ta wurin layin dogo kafin ta hau motar da za ta kai ta makarantar baƙaƙe, alhali ga makarantar fararen fata a unguwarsu. Muhimmancin shari'ar Topeka shi ne, ƙaramar kotu ta gano cewa gine-gine da malaman ɓangarorin biyu kusan daidai suke. Saboda haka tambayar da ta rage ita ce: ko da komai daidai yake, shin rabawar ita kanta cutarwa ce?

Zaman Kotu a Cikin Aji

A rana ta uku malamar ta mayar da aji kotu. Ta zaɓi alƙalai 9, ta raba sauran gida biyu. Ɓangare ɗaya zai tsaya a matsayin Thurgood Marshall, jagoran lauyoyin masu ƙara. Ɗaya ɓangaren zai tsaya a matsayin John W. Davis, gogaggen lauyan da ya kare Karolina ta Kudu, wanda ya taɓa tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1924. Ta kafa doka cewa da hujjar shari'a kaɗai za a yi magana, ba zagi, ba kalmar cin mutunci.

Babu wanda ya yarda ya jagoranci ɓangaren Davis. Can sai yaron nan na kujerar baya ya ce, "Malama, ni zan yi."

Ya kuwa shirya. Da aka zauna, ɓangaren Marshall suka miƙe suna cewa wariya zalunci ce, kowa ya san zalunci ce. Yaron ya saurare su har suka gama, sannan ya kawo hujjojin da aka gabatar a ainihin shari'ar: cewa Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke wannan magana kuma an gina tsarin makarantu a kan hukuncinta, cewa harkar ilimi hurumin jihohi ce, cewa majalisar da ta zartar da gyara na 14 ita da kanta ta bar makarantun Washinton a rabe, cewa kuma jihar ta fara gina wa baƙaƙe sababbin makarantu. Ya rufe da cewa, "Kun ce zalunci ne. To, ku nuna mini a cikin doka." Aka rasa mai amsawa. Ajin ya ruɗe da hayaniya, har wata ta ce masa ya ji kunya.

Malamar ta tsawatar, sannan ta ce da su, "Bai yi laifi ba. Abin da ya yi muku yau shi ne abin da aka yi wa iyayen waɗancan yara shekara da shekaru. Kuna da gaskiya, amma kun shigo kotu hannu rabbana."

Daga nan ta ba su labarin Charles Hamilton Houston, malamin Marshall a sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Howard, wanda ya tsara yadda za a riƙa sassaƙar hukuncin Plessy kaɗan-kaɗan, a fara daga manyan makarantu. A 1938 Kotun Ƙoli ta ce jihar Missouri ba za ta tura Lloyd Gaines wata jiha ya koyi aikin lauya ba alhali tana koyar da fararen fata a gida. A 1950 ta ce makarantar lauyoyin da jihar Texas ta ƙirƙira cikin gaggawa domin Heman Sweatt ba ta kai ta fararen fata ba, ko ta fuskar suna da tsofaffin ɗalibai, abubuwan da ba a aunawa da ma'auni. A rana guda kuma ta ce Jami'ar Oklahoma ba ta da ikon keɓe wa George McLaurin wurin zama daban a aji da ɗakin karatu da wurin cin abinci. Ta kuma yi musu bayanin gwajin da masana halayyar ɗan'adam Kenneth da Mamie Clark suka yi da 'yartsana, inda yara baƙaƙe da dama suka fifita farar 'yartsana a kan mai kama da su.

Da aka sake zama bayan kwana biyu, ɓangaren Marshall suka zo da takardu. Suka ce idan kotu ta yarda a 1950 cewa keɓe babban mutum a kujera daban yana tauye masa karatu, ina ga yaro ɗan shekara 7? Wannan karon yaron ne ya yi shiru, sannan ya yi murmushi.

Wannan hanya ba ta wuce lami lafiya ba. Mahaifiyar yaron ta zo makaranta ranta a ɓace, tana tambayar dalilin da zai sa a ɗora wa ɗanta kare wariyar launin fata. Malamar ta ba ta haƙuri a kan rashin sanar da iyaye tun farko, ta kuma amsa cewa wannan kuskurenta ne. Sannan ta nuna mata abin da yaron ya rubuta, ta ce wanda bai san makamin abokin gaba ba, ba zai iya kare kansa ba. Uwar ba ta gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma ta bar shi ya ci gaba. Tun daga ranar malamar ba ta sake shirya irin wannan zama ba sai ta aika wa iyaye takarda.

Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Kwanaki na shida da na bakwai sun tafi ne a kan abin da ya biyo bayan hukuncin, wato ɓangaren da a dā ba ya shiga darasinta. Hukuncin 1954 bai faɗi ranar da za a haɗa makarantu ba. A 1955 kotun ta sake zama, ta ce a aiwatar da hanzari amma cikin tsanaki, ta kuma bar sa ido a hannun ƙananan kotunan tarayya. Hausawa kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Masu adawa suka riƙe tsanakin, suka yar da hanzarin. A 1956 'yan majalisar tarayya kimanin 100 daga jihohin Kudu suka sa hannu a wata takarda ta yin tir da hukuncin.

A nan ne sauran lambobi biyu na allo suka samu masu su. Mai shekara 15 ita ce Elizabeth Eckford, ɗaya daga cikin ɗalibai 9 da Gwamna Orval Faubus na jihar Arkansas ya sa dakarun jiha suka tare a ƙofar makarantar Central ta birnin Little Rock a 1957, har sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya suka raka su. A 1958 Kotun Ƙoli ta jaddada cewa babu gwamnan da ke da ikon bijire wa hukuncinta, shi kuwa gwamnan ya rufe makarantun sakandaren birnin na shekara guda. Mai shekara 6 ita ce Ruby Bridges ta birnin New Orleans, wadda jami'an tsaron tarayya suka riƙa rakawa makaranta a 1960. Iyaye fararen fata suka janye 'ya'yansu, ta zauna ita kaɗai a aji tare da malamarta Barbara Henry.

Gundumar su Barbara Johns kuwa ta zaɓi ta rufe makarantun gwamnati baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964. Aka buɗe wa 'ya'yan fararen fata makarantu masu zaman kansu, yaran baƙaƙe da dama kuma suka yi shekara 5 ba su shiga aji ba, har sai da Kotun Ƙoli ta tilasta a buɗe. Shekara 10 bayan hukuncin Brown, yaran baƙaƙen fata da ke zama aji ɗaya da farare a jihohin Kudu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Sauyi na gaske ya zo ne bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar hana kuɗi ga duk hukumar da ke nuna wariya. A shari'ar Green ta 1968 kotu ta ce bai isa a ce wa iyaye kowa ya zaɓi makarantar da yake so ba, dole hukuma ta kawo tsarin da zai yi aiki nan take. A shari'ar Swann ta 1971 kuma ta amince a riƙa ɗaukar yara a mota zuwa wasu unguwanni domin a cakuɗa makarantu.

Amsar Tambaya

A rana ta takwas malamar ta rataye taswirar birninsu a allo. Ta sa yaron kujerar baya ya zo ya nuna titin Eight Mile, wanda shi ne iyakar birnin daga arewa. Kowa a ajin ya san titin. Ta tuna musu da katangar kankare da ke kusa da shi, wadda wani mai gina gidaje ya gina a 1941 domin raba sabuwar unguwar fararen fata da ta baƙaƙe, saboda ya samu lamunin gwamnati. Wasu daga cikinsu sun sha wucewa ta wurin ba su san dalilin gina ta ba.

Ta bayyana musu cewa a jihar Mishigan ba dokar makaranta ce ta raba yara kamar ta Kudu ba. Rabon unguwanni ne, da yadda ake ba da bashin gida, da yadda aka shata iyakokin makarantu, sannan ga ƙaurar fararen fata zuwa garuruwan da ke kewaye. Alƙalin tarayya Stephen Roth ya gano cewa hukumomi suna da hannu a wariyar makarantun Detroit, kuma a 1972 ya ba da umarnin a haɗa birnin da gundumomin ilimi 53 na kewaye a tsari guda, tun da a cikin birnin kaɗai babu isassun yara farare da za a cakuɗa da su. A 1974, a shari'ar Milliken, alƙalan Kotun Ƙoli 5 suka rinjayi 4, suka ce ba za a tsallaka iyakar gunduma ba sai an tabbatar gundumomin wajen ma sun aikata wariya. Cikin huɗun da suka ƙi amincewa har da Thurgood Marshall, wanda tun 1967 ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙoli. Shekara guda kafin nan, kotun ta ƙi soke tsarin da ke sa kuɗin makaranta ya dogara da harajin gidajen unguwa. A 1991 ta sauƙaƙa hanyar janye sa idon kotuna daga hukumomin ilimi, a 2007 kuma ta taƙaita yadda hukumomin Seattle da Louisville ke la'akari da launin fata wajen rarraba ɗalibai.

Sannan ta juya ga yaron. "Ka tambaye ni ko kotu ba ta san da mu ba. Ta san da mu. An kai maganar birnin nan gabanta, kuma ƙuri'a ɗaya ce ta raba."

Yaron ya daɗe yana kallon taswirar. "Ke nan hukuncin 1954 aikin banza ne?"

Ta ce a'a. Kafin wannan hukunci doka ce take tsayawa a ƙofar makaranta ta kori yaro saboda launinsa, yau kuwa babu jihar da za ta rubuta irin wannan doka. Amma hukunci yana amsa tambayar da aka kai gabansa ne kawai, ba ya gina gida, ba ya shata unguwa.

Jingar da ta ba su ita ce kowa ya tambayi wani dattijo a gidansu yadda makarantarsa take. Abin da yaron ya kawo ya ƙara wa malamar kanta ilimi. Kakarsa, wadda ta tashi a Kudu kafin ta yi ƙaura, ta ce masa, "Ɗan nan, makarantarmu rufinta na yoyo, littattafanmu kuma waɗanda fararen fata suka gama da su ne. Amma malamanmu sun san iyayenmu, sun kuma sa rai za mu zama wani abu. Da aka haɗa makarantu, tamu aka rufe, malamarmu ta rasa aikinta." Ta ce ba ta fatan a koma gidan jiya, sai dai tana so jikanta ya san cewa nasarar ma da kuɗinta. Maganar kakar tana da tushe, domin dubban malamai da shugabannin makarantu baƙaƙen fata sun rasa aikinsu a shekarun da suka biyo bayan hukuncin. Malamar ta nemi izinin yaron da na kakarsa, ta karanta wa aji.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai koyon aikin malanta zai iya tsintar wasu darussa. Da farko, shekarar da aka yanke hukunci ba ita ce ƙarshen labari ba, kuma malamin da ya tsaya a kanta ya bar ɗalibi da giɓin da zai cike da zato. Na biyu, ɗalibi ya fi riƙe tarihin da ya ga sa'ansa a ciki. Sunayen shari'o'i ba su motsa ajin nan ba, shekarun Barbara Johns ne suka motsa shi. Na uku, jin zafin zalunci daban, iya kafa hujja a kansa daban, kuma aikin malami ne ya kai ɗalibi daga na farko zuwa na biyu, tare da kiyaye mutuncin kowa da sanar da iyaye. Na ƙarshe, tambayar da ta kunyata malami ba raini ba ce. Matambayi ba ya ɓata, wani lokaci ma shi ke mayar da malaminsa kan hanya.

Malamar ba ta sauya yanayin makarantarsu ba, kuma ba ta yi wa ɗalibanta alkawarin cewa zai sauya nan kusa ba. Abin da ta sauya shi ne darasinta. Tun daga wannan shekara, duk lokacin da aka zo wannan babi, kafin ta ɗauki alli takan ce wa ɗalibai kowa ya waiga ya dubi wanda ke zaune dama da hagunsa, sannan ya rubuta tambayar da ta zo masa a rai. Da waɗannan tambayoyi ake buɗe darasin, kuma ba a rufe shi sai an koma kansu.